Ranar da Inna Ta Kira Sunana a Kasuwa

Jikana Laminu ne ya tayar mini da wannan zance. Kwanan baya ya zo da takardar neman aiki a wani otal na Yamai, wai in saurara in ji ko ya manta da wani abu. Ya tsaya a gabana yana karantawa, na iya kaza, na ƙware a kaza, ko ƙifta ido bai yi ba. Na ce kai yaro, duk kai kaɗai? Ya yi dariya ya ce ai haka ake yi yanzu, Baba Kuku. Ban ga laifinsa ba. Amma da ya tafi abinci ya ƙi shiga bakina, don ya tuna mini da tawa takardar da wadda ta sa aka rubuta ta. Ku ƴaƴana, na san abin da ake faɗa muku a gidan Baffa Mati in kun je Madarumfa, wai uwata ta zubar da mutuncin gida a tsakiyar kasuwa, ni kuma na bar makauniya na bi burodin Nasara. Masu faɗin haka ba a haife su ba a lokacin. Ni a kaina aka yi, saboda haka ku bar ni in faɗa muku yadda aka yi.

Ni ne ɗan farin Inna Hajo. Ku ƴan yanzu ba ku san nauyin wannan kalma ba, ina ganin matanku suna rungume ɗan fari a gaban surukai suna kiransa da sunan yanka, ba ko kunya. A zamaninmu mace ba ta kallon ɗan farinta, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In aka yabe shi a gabanta sai ta kushe shi, kowa kuma ya san abin da take nufi. Da aka yaye ni aka kai ni Gabi wurin kakata, can na girma. Sai da kakar ta rasu na dawo Madarumfa, gemu ya fara fito mini, na tarar da gidan ba yadda na bar shi ba. Babana masunci ne a tabki. An ɗauke shi aikin tilas na hanyar mota, na iske shi ya dawo da tari mai jini, bai ga girbin shekarar ba. Yaran da aka haifa bayana duk sun koma, sai autarmu Ladi, wadda ko taɓarya ba ta iya ɗagawa. Inna kuwa hakiya ta rufe mata ido duka biyu. Matar Baffa Mati, ƙanen babana, tana aiko mana da tuwo in ya ragu, amma nata gidan ma cike yake da baki. Wata rana na ga Ladi tana lasar murfin tukunya, sai na jawo zana na rufe ƙofar gida, na ɗauki taɓarya.

Ku sani, namiji ya yi daka a garinmu abin kunya ne babba. Mahauci na iya gasa nama, masunci na iya banda kifi a bakin ruwa, amma turmi da murhu na mata ne. Inna na zaune bakin ɗaki ta ji ƙarar dakan, ta kuma san ba hannun mace ba ne. Na zata za ta hana. Sai ta juya fuskarta wajen wata kaza da ke tsattsagar ƙasa ta ce:

"Ke kaza, ki faɗa ma mai dakan nan hatsi ba abokin gabansa ba ne. Ya yayyafa ruwa tukuna."

Haka aka fara, haka kuma aka ci gaba. Duk abin da na sani na girki, wanda na ci abinci da shi har tsufa, daga bakinta ya fito, amma ko sau ɗaya ba ni ta faɗa wa ba. Kaza take faɗa wa, ko Ladi, ko tukunya. Da kunne take gani. Daga ƙarar turmi ta san surfe ya yi ko da saura, daga ƙarar wuƙa a kan faifai ta san albasar ta yi kauri. In na cika itace sai in ji ta ce, ke tukunya, ki faɗa ma wanda ke kanki wuta ta yi yawa. In tuwo ya yi gudaji ta tura ƙwaryar gefe ta ce wa Ladi yau jaki ya yi mana girki. In ya yi kyau ba ta cewa komai, sai dai ta cinye ta suɗe hannu. Wallahi wannan suɗe hannun ya fi mini kirarin maroƙa daɗi. Da rana ina tabki da koma irin ta babana, da yamma ina bayan zana da muciya, maƙwabta sun sani amma suna yi kamar ba su sani ba.

Shekarar da nake ba ku labari, lokacin babban yaƙin Nasara ne, neman mutanen aikin tilas ya tsananta. Bayan girbi aka fara raɗe-raɗin gardi, wato dogarin Nasara, zai zo daga Maraɗi wurin mai gari, kuma kowa ya san maraya marar uban da zai tsaya masa shi ake fara miƙawa. Sunana yana bakin mai gari, matarsa ce ta tsegunta wa matar Baffa. Ba na tsoron aiki, amma na ga yadda babana ya dawo, ni na riƙe masa ƙwarya yana tofar da jini.

A kasuwarmu akwai wani magatakardan kamfanin gujiya, mutumin Dahome, muna ce masa Mushe Kwasi, Mushe ɗin kamar a ce Malam ne da Faransanci. Shi ke zama gindin sikeli yana rubuta awo. Mutum ne mai tsabta, mai saurin fushi, Hausarsa tana ɗingishi, amma ban taɓa jin ya cuci kowa ba. Yana son kifi ƙwarai, wurina yake saye. Ran nan ya tsaya yana kallona ina gyara masa karfasa, na kankare, na farke ciki, na zare ƙaya, sai ya ce a gidan maigidansa Banasare a Maraɗi ana neman yaron kuku, abin da su ke ce wa marmito, mai fige kaji da yankan albasa da wankin tukwane. Ya ce wanda ke aiki a gidan Nasara gardi ba ya taɓa shi. Amma uwargidan ba ta ɗaukar kowa sai da takarda: sunansa, abin da ya iya, inda ya koya, da wanda ya shaide shi. Ya fiddo alƙalami nan take ya ce in faɗi abin da na iya.

Na sunkuyar da kai na ce, "Ɗan abin da ba a rasa ba, Mushe."

"Ɗan abin da ba a rasa ba ba ya shiga takarda. Ka iya miya? Ka iya kaza?"

"Ana dai taɓawa."

Ya buga alƙalamin a gwiwa. Ni kuwa ta yaya zan buɗe baki in yabi kaina kamar maroƙi? Ba a koya mana haka ba. Da ya gaji ya ce to wa ya koya mini, na ce a gida ne. Ya ce shi ba ya rubuta ƙarya da hannunsa, zai zo gidan ya ji daga bakin wanda ya koyar da ni. Tun a nan na san abin da zai biyo baya, amma na kasa ce masa kada ya zo.

Da la'asar ya zo, da farar rigarsa da littafinsa. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, Inna tana daga bayan zana, Baffa Mati yana zaune gefe yana saƙar igiya. Bayan gaisuwa Mushe ya ce:

"Mama, wannan yaro ɗanki ne? Yaya sunansa?"

Na ji Ladi tana ƙunshe dariya.

"Ɗan mutanen Gabi ne," in ji Inna. "Su suka san sunan da suka sa mishi."

"An ce ke kika koya masa girki. Me ya iya?"

"Wanga? Ci ya iya. In kana da rumbun da kake so a ga ƙarshensa, ɗauke shi."

Duk Bahaushen da ya ji wannan magana ya san uwa ce ke magana a kan ɗan farinta, zai yi murmushi ya rubuta abin da ya zo rubutawa. Mushe Kwasi ba Bahaushe ba ne. Na ga fuskarsa ta canza, ya rufe littafin ya tashi. Na bi shi har waje ina cewa al'ada ce, kunya ce, ba haka take nufi ba. Ya ce a ƙasarsu uwa ko ɗanta gurgu ne cewa take ya fi kowa gudu, wanda uwarsa ta ƙi sunansa kuwa akwai abin da ya yi. Ya ce ba zai kai wa maigidansa mutumin da uwarsa ta yi tir da shi ba. Na dawo na roƙi Baffa ya je ya fahimtar da shi, dattijo ne, zai saurare shi. Baffa bai ko ɗaga kai daga igiyarsa ba.

"In je in shaida ma baƙo ɗan wana yana tuƙa tuwo? Gara hanya. Hanya aikin maza ne."

A ranar na yi tuwo kamar kullum. Haushi nake ji, ba na Mushe ba, ba na Baffa ba, nata nake ji, kuma ba ni da bakin faɗa mata. Ladi ce ta kwashe duk abin da Mushe ya faɗa a waje ta kai mata, ina ji. Tuwon ya yi kyau ranar, amma Inna ba ta taɓa shi ba, kuma ba ta yi wa kaza magana ba, ba ta yi wa tukunya ba. Haka muka zauna cikin gidan nan kamar an yi mutuwa, har labari ya zo gardi ya sauka gidan mai gari, za a tara mutane washegarin kasuwa.

Ranar kasuwa da hantsi ina bakin tabki na baza kifi, sai ga wani yaro da gudu ya ce in zo, uwata na cikin kasuwa. Na ce ƙarya kake. Tun da idonta ya rufe ba ta taɓa ƙetare zaure ba. Na bar kifin a nan na ruga. Na same ta tsaye gaban sikeli, ta ɗaura baƙin zanenta na saƙi wanda take ajiya don biki, hannu ɗaya a kafaɗar Ladi, ɗaya riƙe da sanda. Manoma sun yi layi da buhunan gujiya, mata masu hura da daddawa sun bar kayansu sun matso. Na tsaya bayan wani raƙumi.

"Ina baƙon da ya zo gidana?" in ji ta.

Mushe ya ce ga shi.

"Buɗe littafinka. Ranar nan ka tambaye ni suna."

Sai ta ɗaga murya, yadda har masu awo suka tsaya.

"Sunansa Isuhu. Isuhu ɗan Nomau masunci. Ni na haife shi, shi ne na fari."

Wata tsohuwa ta ce la'ilaha illallahu, ta rufe baki. Wasu ƴan mata suka fashe da dariya. Wani daga cikin layi ya ce Hajo ta taɓu. Ita kuwa kamar ba da ita ake ba.

"Rubuta. Ya iya surfe, ya iya bakace, ya iya niƙa. Yana fige kaza bai yaga fata ba. Yana gyara tarwaɗa ba ka jin ƙarni a miya. Albasarsa in ya yanka kamar ganye. Wuƙarsa ba ta kwana da dauɗa, tukunyarsa ba ta kwana da ƙanzo. Ba ya ɗanɗana miya da cokalin da zai mayar ciki. Ba ya ɗaukar abin da ba a ba shi ba. Tun da idona ya tafi, hannunsa nike ci, ban kwana da yunwa ba ko sau guda. Ka rubuta a wurina ya koya, ni Hajo, in kuma akwai wanda ya fi shi a garin nan, mace ko namiji, a kawo shi."

Mushe Kwasi ya dubi mutanen da ke dariya, ya dube ta, ina jin a lokacin ne ya gane abin da ya sa ta yi. Ya cire hularsa ya ajiye a kan buhu. Ya yi ta rubutu da Faransanci, da ya gama ya mayar mata da shi cikin Hausarsa mai ɗingishi, layi bayan layi, tana gyaɗa kai. Wurin tarwaɗa ya yi kuskure ya ce karfasa, ta gyara masa. Ya kama babban yatsanta ya shafa tawada ya danna a ƙasan takardar. Da za ta juya ta ce wa Ladi su bi ta bayan rumfunan mahauta. Ta san ina wurin, ban san yadda aka yi ta sani ba, kuma ba ta so mu haɗu. Ni dai ina bayan raƙumin nan ina kuka kamar ƙaramin yaro, ban damu da wanda ya gan ni ba.

Kafin azahar labari ya gama gari. Abu biyu ta fasa a rana ɗaya: ta kira sunan ɗan fari a bainar jama'a, ta kuma shaida wa duniya namijin gidan Nomau yana daka. Baffa Mati ya zo har tsakar gida yana faɗa, ya ce ta tsiraita su, ya ce gara a ce ɗan wansa ya mutu a hanya da a ce kuku ne. Ta bar shi ya gama sannan ta ce:

"An riga an ce wanka ya mutu a hanya. Ya ishe ni."

Da sassafe motar gujiya za ta tashi zuwa Maraɗi, Mushe ya ce in hau da takardata kafin a fara tara mutane. A nan ne na tsaya ina ja da baya. Wa zai yi musu tuwo? Na faɗa wa Ladi da ƙarfi, don mai ji ta ji, cewa na fasa, in ɓuya a cikin karan gona har gardi ya tafi. Inna tana zaune gaban murhu, ta lalubo murfin tukunya ta rufe ta ce:

"Ke tukunya, ki faɗa ma mai tafiya ban zubar da kunyata a kasuwa don ya zauna ba. In ya je gidan mutane ya ɗanɗana kafin ya sa gishiri."

Iyakar sallamar da muka yi ke nan. Na durƙusa a gabanta, ta kawar da fuska kamar yadda ta saba, na tashi na tafi.

A Maraɗi uwargidan ta karanta takardar a tsaye, ta kai wurin yatsan ta tsaya tana kallo, sannan ta jefa ta cikin aljihun tebur. Ban sake ganinta ba, kada wani ya ce muku tana cikin akwatina. Tsohon kukun gidan, wani Bazabarme marar fara'a, ya turo mini kwandon albasa da kaji biyu, ya tsaya a kaina har na gama, ya ce in zo gobe. Shi ke nan na zama yaron kuku, daga baya na zama kuku. Waɗanda aka tara a Madarumfa ranar da na tafi, wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba, cikinsu har da abokina da muke jan koma tare.

Inna ita ta biya abin da na samu. Mata suka sa mata suna Mai Kiran Suna, yara suna faɗa a bayan zana su ruga. Aka daina aiko mata da goron biki. Baffa ya hana matarsa kawo tuwo, sai Ladi, da ƴan hannuwanta, ta hau kan turmi tana daka. Ina aiko da hatsi da abin da na samu, ina zuwa in an ba ni dama, amma dama a gidan Nasara ba ta da yawa. In na zo na karɓi muciya, ta ci ta suɗe hannu, ba ta ce mini komai ba, sunan nan kuma bai ƙara fitowa daga bakinta ba. Damina ta biyu da tafiyata zazzaɓi ya kama ta. Saƙo ya iske ni ana da baƙi a gidan, aka ce in bari a tashi daga tebur, ga kuma gulbi ya cika mota ba ta wucewa. Da ƙafa na taho, na tarar an dawo daga maƙabarta.

Bayan an watse daga zaman makoki na shiga tsakar gida, na sami Ladi zaune gaban murhu. Na tambaye ta ko Inna ta bar mini wata magana. Ina so in ji ko ta sake kiran sunan, ko da sau ɗaya, ko da cikin zafin ciwo. Ladi ta ce a'a, sai dai Inna ta tambaya ko an faɗa wa wancan, wato ni. Can sai Ladi ta ce:

"Amma Yaya, akwai abin da ban gane ba. Ni ai ba ta kunyata, in tana son abu sunana take kira. To tun da ka tafi, kullum na ɗora girki sai ta juya wajen murhu ta ce, ke tukunya, ki faɗa ma wanda ke kanki wuta ta yi yawa. Ko wutar ba ta yi yawa ba sai ta faɗa. In na ce Inna ni ce, sai ta ce ta sani."

Na ɗauki tukunyar nan na fita da ita bayan gida, don kada Ladi ta ga fuskata.

To kun ji. Ita ce tsohuwar tukunyar ƙasa da ke ɗakina, wadda uwarku ta sha cewa a jefar. In kun je Madarumfa aka sake ce muku kakarku ba ta da kunya, ku ce musu tana da ita fiye da duk matan garin, ta san nauyinta, ta ɗauke ta da kanta ta kai kasuwa ta ajiye don in rayu. Ku yi mata addu'a da sunanta, Hajo ƴar Gabi. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya mayar mata da idonta a inda ta je.